Cukun Uwale da Fatun Ɗangoggo

Duk wanda ya zauna Dakoro a shekarun da Nasara ya kafa barikinsa a can, in dai yana da haƙora, to ya ci cukun Uwale. Ba yabon banza nake yi ba. Cuku ne fari tas, siriri, in ka ɗaga shi ga rana sai ka ga sawun asabarin da ya bushe a kai, in ka karya shi ya ce ƙas. Wurin uwarta ta koya, wata Buzuwa mutuniyar Azagor, wadda ko mai mura ba ta yarda ya gitta kusa da ƙwaryar madararta ba. Uwale kuwa ta ɗauko ƙyanƙyamin nan har ta fi uwar. Tun da mijinta ya rasu, da cukun take ci da 'ya'yanta, da shi take tufatar da su. Ba ta da wata gona sai rumfar shanya da ke bayan ɗakinta, jikin dangar yamma.

Bayan dangar akwai wani fili, ba kowa a cikinsa sai wata aduwa da awakin unguwa. Shi ne filin da Ɗangoggo ya ƙyalla ido ya gani.

Ɗangoggo ɗan ƙanwar uban Uwale ne, wato taubashinta. Ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada bawanta ne, kuma tsakaninsu ba kunya ba fushi. Ta zage shi ya rama, ya fizge abin hannunta ta yaga masa riga, ba mai shiga, wanda ya yi zuciya shi ya faɗi. To, kowa da taubashinsa, amma wasan waɗannan biyu ya fita daban. Ranar kasuwa in sun haɗu har mutane kan bar ciniki su kewaye su.

"Ga matata can," in ji shi, "wadda na saki don muni."

"Sakina ka yi ko gudu na yi?" in ji ta. "Wa za ta zauna da tulu mai ƙafafu?"

Sai kasuwa ta kwashe da dariya, tsofaffi na share hawaye. Haka suka taso tun suna tsirara, kuma ba zan ɓoye ba, Uwale na jin daɗin abin. Ta san ta fi shi baki, kuma tana son a sani.

Ana nan sai Ɗangoggo ya zama dillalin wani kamfanin Nasara na Maraɗi, yana saya musu fatun awaki da ƙiragan shanu. Kuɗi suka fara zauna masa, tumbi ya ƙaru, hula ta karkace. Wata safiya sai ga sankiran sarki yana zagaya unguwa da ganga, yana shela: Ɗangoggo ya nemi filin aduwa zai kafa rumfar shanya fatu, da kwarmin da za a riƙa tsoma su cikin ruwan magani. Dokar Nasara ta ce ba a kafa abu mai wari sai an tambayi maƙwabta. Duk mai ƙorafi ya zo bariki ranar Litinin ya faɗa gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, wanda bai zo ba ya yarda ke nan.

Uwale na tsugune tana zuba dasƙararriyar madara kan asabari lokacin da ta ji. Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta san fatu. Ta taɓa bi ta bayan mahauta ta ga abin da ke biyo su, manyan ƙudajen nan masu koren baya, waɗanda in sun sauka kan abu ba sa tashi sai sun bar masa ƙwai. Kuma iskar damina daga yamma take busowa, daminar ce kuwa lokacin madara, lokacin cuku. Ta ajiye ludayi, ta wanke hannu, ta ja mayafi ta nufi gidansa.

Ta same shi a ƙofar gida, ya miƙe ƙafa kan tabarma yana sakace.

"Ɗangoggo, yau ba wasa ya kawo ni ba," in ji ta. "Filin nan jikin rumfata yake. In ka kafa fatunka a nan, ka kashe mini sana'a. Ga daji nan bayan kasuwa har ya ishi garin ga duka, ka tafi can."

"Can mota ba ta shiga, rairayi ne," ya ce. Nan ya dube ta, kuma wallahi a wannan duban ya gane abin da take nufi sarai. Sai ya washe baki. "Ashe kishi kike, uwargijiyata? Ki kwantar da hankalinki, kusa da ke na matso don in riƙa jin muryarki mai daɗi, irin ta jaki da asuba."

Mazan da ke zaune tare da shi suka bushe da dariya. Ta maimaita maganarta, suka ƙara dariya. Ta juya ta tafi, wani yana cewa a bayanta yau kam bawa ya ka da uwargijiya.

Ba ita kaɗai abin ya dama ba. Maƙwabta suka taru zauren Arzika, wani dattijon manomi da gidansa ke kallon filin. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, wannan ya ce warin zai hana su cin tuwo, wancan ya ce ruwan maganin guba ne, in akuya ta sha ta mutu. Aka yi ta kumfar baki. Da aka zo kan wa zai tashi ya yi magana gaban kumandan, sai kowa ya shiga noƙewa. Maza ne fa, masu gemu, amma ba su manta da zamanin aikin tilas ba, lokacin da in ka shiga bariki da ƙafarka ba ka san ranar fitowa ba. Wannan ya tuna yana da sharar gona, wancan ƙafarsa ta soma ciwo nan take. Tir!

"Ni a ganina," in ji Arzika, "ba wanda ya iya da bakin Ɗangoggo kamar Uwale. Ita ce maganinsa tun yana yaro. Ta yi magana, mu kuwa muna bayanta."

Kowa ya ce haka ne, haka ne. Uwale ma, da ke tsaye bakin zaure, ta ji kanta ya ɗan fasu, ta ce ta yarda. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinsu, har ita. Duk Dakoro, mutum ɗaya ne tak wanda in ya zagi Ɗangoggo ba za a ɗauka da gaske ba, kuma shi suka zaɓa suka tura.

Ranar Litinin farfajiyar bariki ta cika. Rabin mutanen ba fili ya kawo su ba, sun ji labari ne Uwale da Ɗangoggo za su kara gaban Nasara, suka ce wannan kallo ba ya wuce su. Aka fito wa kumandan da tebur ƙarƙashin inuwa. Saurayi ne ja wur, bai daɗe da zuwa ba, mai son tambaye-tambaye: don mi kuke yin kaza, mi ake nufi da kaza. Jimrau tafinta na tsaye gefensa, gardawan bariki biyu, wato dogaran Nasara, na riƙe da bulala.

Uwale ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta miƙe ta fara. Kuma ta fara da kyau, Allah shi ne shaida. Ba zagi, ba ɗaga murya. Ta faɗi yadda ake cuku, yadda yake kwana biyu a shanye yana ɗanye, yadda ƙuda ɗaya ke iya lalata asabari guda. Ta faɗi inda iska ke fitowa da damina. Ta ce marayu gare ta, kuma ba ta hana kowa neman abincinsa ba, a dai matsa da abin bayan gari. Jimrau na juyawa, kumandan na gyaɗa kai. Har ya ɗaure fuska, ya juya ga Ɗangoggo ya ce mi zai ce game da ƙudan.

Ɗangoggo ya tako gaba. Ya gyara hula, ya dubi ƙasa, ya dubi taro. Zufa ta keto masa. Daga nan sai ya yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya juya wa kumandan baya-baya, ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku ji mini matar nan! Da na sake ta ba ta kai ni ƙara ba, sai yau da ta ga na yi arziki?"

Aka yi 'yar dariya. Uwale ta cije leɓe.

"Marayu take faɗi. Ai ni ne ubansu in ta yarda ta dawo ɗakinta."

Dariya ta ƙaru. Ta sunkuyar da kai, tana ce wa kanta yi haƙuri, Uwale, tarko ne.

"Kuma batun ƙuda," in ji shi, "ranka shi daɗe, a kwantar da hankali. Wane ƙuda ne zai sauka kan cukun Uwale? Ai ko ƙuda yana son ransa. Kare na ba wa rannan, ya shinshina, ya dube ni, ya yi ƙaura daga unguwar."

Nan fa aka zo wurin. Ya kira ta sakakkiyarsa ta jure, ya taɓa 'ya'yanta ta jure, amma cuku? Zuciya ta ɗebe ta, ta zabura, mayafi ya zame.

"Kai, bawan banza! Karen ba cukuna ya kore shi ba, hammatarka ya shaƙa! Kai da tun kana yaro uwarka ke wanke ka da toka ba ka fita, yau ka samu sana'ar da ta dace da kai. Fatun ma in sun gan ka su za su kai ƙara bariki, su ce an haɗa su da abin da ya fi su ɗoyi!"

Wayyo! Farfajiya ta kece. Mutane na faɗuwa kan juna, gardi ɗaya ya saki bulala ya riƙe ciki, Jimrau kansa ya juya fuska kafaɗunsa na rawa. Ɗangoggo ya dafe ƙirji ya yi tangaɗi kamar wanda aka harba, yana cewa ta kashe ni, ta kashe ni. Ba a taɓa jin Uwale ta yi zagin da ya kai wannan daɗi ba, kuma tun kafin ta rufe baki ta san ta yanka kanta.

Kumandan ya buga tebur, ya tambayi abin da ke faruwa. Jimrau ya share ido ya yi masa bayani: ɗan mace ne da ɗiyar namiji, haka suke tun suna yara, zaginsu ba zagi ba ne, ƙararsu ba ƙara ba ce, duk garin an san su. Sai fuskar Nasaran nan ta washe. Ashe ya taɓa jin labarin wannan al'ada wurin manyansa, bai taɓa gani da idonsa ba sai yau. Ya yi ta murna kamar wanda ya tsinci abu. Ya ce lalle mutanen ƙasar nan akwai hikima, da sun sa shi ya ɗauka faɗa ne na gaske. Har ya ce a gaya musu su ƙara kaɗan, yana son ya ji.

"A gaya masa ba wasa nake ba!" in ji Uwale. "Jimrau, don girman Allah gaya masa. Wallahi tallahi da gaske nake!"

"Ku ji ta, har da rantsuwa!" wani ya ce daga baya.

Ta juya tana neman maƙwabtanta. "Baba Arzika, ka yi magana mana. Ba ku kuka turo ni ba?"

Arzika na can tsakiyar taro, shi ma bakinsa bai gama rufewa daga dariya ba. Da ya ga ido ya dawo kansa, ga gardi, ga Nasara, sai ya sunkuya yana gyaran takalmi. Kumandan ya sa aka tambaya ko akwai wani mai ƙorafi ban da wannan mai ban dariya. Ba wanda ya motsa. Masu cewa muna bayanki, ashe can baya suke nufi, nesa.

Hawaye suka zubo wa Uwale, na takaici, masu zafi. Wata mata ta tafa hannu ta ce, "Kai, Uwale ta iya! Har da kuka!" Aka sake sabuwar dariya. Kumandan ya sa hannu a takarda, ya tashi yana murmushi, ya shige ofishinsa.

Kafin ruwan farko an sare aduwa, an kafa rumfa doguwa, an zuba siminti an yi kwarmi. Sai fatu suka fara zuwa, a kan jakuna, a kan raƙuma, daga Rumbu, daga Mai Yara, daga duk inda aka yanka dabba. Wasu ɗanyu sharaf da jini, wasu sun kwana a hanya sun fara kumbura. Ma'aikata na zaune suna kankare ragowar tsoka da kitse da wuƙa, suna watsarwa nan jikin dangar Uwale. Abin ya taru ya yi tsibi, rana ta dafa shi, ruwa ya jiƙa shi, ya koma wani baƙin kunu mai motsi. Ungulaye suka tare a kan dangar, suna saukowa da wuyansu tsirara suna ja. Ruwan kwarmin kuwa in ya ƙazantu sai a kwashe a kwarara, ya gangaro ta ƙarƙashin danga, rawaya-rawaya, da gashi a ciki.

Wari kuwa, a'uzubillahi. Ba irin wanda kake toshe hanci ka wuce ba ne. Wannan shiga yake cikin tufa, cikin ruwan randa, cikin tuwo, ka kai loma baki ka ji kamar mushe kake tauna. Uwale, wadda ke wanke ƙwarya sau uku kafin ta zuba madara, ta wayi gari tana amai a bayan ɗakinta.

Sannan ƙudan suka zo. Ta ga na farko da idonta: ya taso daga kan tsibin nan, ya tsallako danga, ya sauka kan farin cukun da ta zuba da safe, ya tsaya yana murza hannuwa. Kafin azahar asabarin ya yi baƙi da su. Ta rufe da mayafi, cuku ya ƙi bushewa ya yi tsami. Ta yi hayaƙi, ya ɗauki ƙauri. Ta mai da shanya gabashin gida, to gidan nawa yake? Ta tsaya kansa da mafici tun safe har hannunta ya sage, ta kora goma ɗari su sauka. In ta fita unguwa ta yi ƙorafi, sai a ce, "Ke da bawanki dai ba ku gajiya." Arzika kuwa ya toshe tagar zaurensa da tsumma, in ya hango ta sai ya canza hanya.

Akwai wani falke, Samba, wanda ya daɗe yana sayen cukunta yana kaiwa Maraɗi, bai taɓa dubawa ba, ɗauka kawai yake. Ranar nan ya zo, ta fito masa da wanda ta fi yarda da shi, wanda ta tsare da kanta. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗan juya shi, ya karya. Cukun bai ce ƙas ba. A tsakiya, inda ya rage laushi, wasu fararen tsutsotsi ƙanana suna ta mutsu-mutsu, ɗaya ta faɗo kan yatsansa.

Samba mutumin kirki ne. Ya ajiye a hankali, ya goge yatsan a ƙasa, ya ce Allah ya kyauta, ya yi sallama. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta kwashe cukun duka, har wanda ba a karya ba, ta haƙa rami ta binne, don ba ta yarda ko kare ya ci a ce nata ne ba. Ta aika wa matan da ke kawo mata madara cewa su daina. Sannan ta ɗauki gatari ta shiga sassare rumfar shanyarta, wadda ita da uwarta suka kafa.

Ƙarar gatarin ce ta jawo Ɗangoggo. Ya zagayo ta ƙofar gida, da 'yan rakiyarsa a baya, maƙwabta kuma suka leƙo, an san za a sha dariya.

"Assha, matata ta haukace!" in ji shi. "Itacen girki ya ƙare ne? Ki zo in ba ki kitse ki yi miya."

Uwale ta jingine gatari. Ta gyara ɗaurin zane, ta ja mayafi ta rufe kai. Ta tako har gabansa, ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, ta sunkuyar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"Sannu da zuwa, Malam Isufu. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Sunansa ke nan na yanka, wanda bai taɓa ji daga bakinta ba tun da aka haife shi. Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ke, mi ye haka?" in ji Ɗangoggo. "Tashi, don Allah. Tulu mai ƙafafu ne fa, bawanki."

"Wane ni, Malam. Allah ya ƙara arziki. A kawo maka ruwa?"

Ya dubi rumfar da ke kwance, ya dubi sabon ramin da aka rufe, ƙudaje na yawo a kansa. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya rage murya.

"Uwale, siminti ne, na kamfani ne, ba ni da ikon tashinsa yanzu. Da kin gaya mini abin ya kai haka..."

"Na gaya maka, Malam."

Ƙuda ya sauka a kan leɓensa, bai ko kore shi ba.

"To zage ni," ya ce. "Uwale, ki zage ni mana. Don darajar iyayenmu, ko sau ɗaya."

Tana durƙushe, idonta a ƙasa, ta ce, "A gai da gida, Malam. Mun gode da ziyara."